Sauya Suna Ba Sauya Magani Ba Ne: Rukunonin Magungunan Tsutsa, Hanta, Sammore da Kaska a Kiwon Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa

Tsakure

Wannan takarda ta yi bitar rukunonin magungunan da ake kashe tsutsar ciki, tsutsar hanta, ƙwayar sammore da kaska da su, sannan ta auna su da halin da kiwo yake ciki a ƙananan hukumomin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa na Jihar Katsina. Ta nuna cewa sunayen da ke jikin kwalabe da kwalaye suna da yawa, amma rukunonin da suka fito daga cikinsu 'yan ƙalilan ne, kuma kowane rukuni yana da abin da yake kashewa, da abin da ba ya taɓawa, da dabbar da yake yi wa illa. Takardar ta danganta bijirewar tsutsa da ragin awo, yawan maimaitawa, da ba da magani ba tare da an gane cutar ba. Daga ƙarshe ta ba da shawarar a mayar da hankali ga horar da masu sayar da magani, tunda su ne makiyayi yake iya kaiwa gare su a halin da ake ciki.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya gaban teburin mai sayar da maganin dabbobi ran kasuwa a Sheme ko 'Yankara zai ga kwalabe da kwalaye masu launi iri-iri, waɗansu daga Indiya, waɗansu daga Sin, waɗansu daga Turai, waɗansu kuwa a nan Najeriya aka haɗa su. Da zai juya bayansu ya karanta sunan sinadarin da ke ciki, da ya tarar yawancinsu abu guda ne. Albendazol kaɗai yana fitowa da sunayen kamfanoni barkatai. Makiyayin da ya ce ya sauya magani don ya bar koren kwali ya koma shuɗi, sau da yawa buhu kawai ya sauya, hatsin ciki yana nan yadda yake.

Masana harhaɗa magunguna suna kasa su rukuni-rukuni ne bisa hanyar da kowanne yake bi ya kashe ƙwaro. Abin da ya sa wannan rabo yake da muhimmanci shi ne, tsutsar da ta bijire wa magani ɗaya, galibi ta bijire wa sauran 'yan rukuninsa ke nan. Manufar wannan takarda ita ce ta jero waɗannan rukunoni, ta faɗi aikin kowanne da iyakarsa, ta kuma nuna inda kuskure yake shigowa a kiwon wannan yanki.

2.0 Yankin da Cututtukansa

Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa suna shiyyar Funtuwa, a kudu maso yammacin Jihar Katsina, kuma mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ta yamma ana iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuma tana maƙwabtaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Damina kan kama daga wajajen Mayu zuwa Oktoba, ruwa ya fi na arewacin jihar yawa, shi ya sa masara, dawa da auduga suke yi sosai. Kiwo iri uku ne: garkunan Fulani masu Bunaji da Rahaji, shanun huɗa da bijiman da manoma ke turkewa, sai tumaki, awaki da kajin da mata ke riƙewa a cikin gida.

Damshin da ke raya masara shi ne kuma yake raya tsutsa. Da damina, babbar abokiyar gabar tumaki da awaki ita ce Haemonchus contortus, mai zama a tumbin ƙarshe tana shan jini. Mace ɗaya takan saki ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, kowace tsutsa kuma takan raba dabba da jini kimanin mililita 0.05 a rana; tsutsa 1,000 ke nan suna kwashe mililita 50 kullum. Alamarta ita ce cikin ido ya yi fari, ƙasan haɓa ya kumbura, dabba ta riƙa zama a baya. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna cewa idan damina ta zo ƙarshe, 'ya'yan wannan tsutsa sukan lafe a jikin bangon tumbi su daina girma, sai rani ya wuce su farka.

Da rani kuwa, dabbobi kan gangara fadama da bakin madatsun ruwa irin na Mairuwa, inda ƙaramin dodon koɗin da ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar hanta, Fasciola gigantica, yake zaune. Garkunan da suka yi kudu neman ciyawa sukan shiga ƙasar tsando su dawo da sammore. Kaska, musamman Amblyomma variegatum mai zane a baya, takan yi yawa da farkon damina, ita ce kuma mai buɗe wa kirci ƙofa.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. A ƙarshen watan Agusta na 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da waɗannan uku, ta kuma taƙaita zirga-zirga a hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Abu biyu ne suka shafi batunmu a cikin wannan hali. Na farko, dabbobin da a da suke bazuwa a daji sun tattaru kusa da gari, makiyaya ɗaya, mashaya ɗaya, sai ƙwan tsutsa ya taru a ɗan fili. Na biyu, malamin dabbobi ba ya iya kaiwa kowace ruga, don haka mai shago ne yake jin alamu da baki, ya yanke hukunci, ya miƙa magani.

3.0 Magungunan Tsutsar Ciki

3.1 Rukunin benzimidazol

Wannan rukuni ya fara da tayabendazol a 1961. 'Yan rukunin da aka fi gani a yau su ne albendazol, fenbendazol da oksfendazol, ko dai babbar ƙwaya ko farin ruwan ɗure. Suna manne wa wani furotin da tsutsa ke gina ƙwayoyin hanjinta da shi, sai ta kasa shan abinci, yunwa ta kashe ta a hankali. Suna kashe ƙwai, suna kuma kama tsutsa mai faɗi. Albendazol yana taɓa tsutsar hanta, amma wadda ta balaga kawai, kuma sai an ƙara awo.

A nan lissafi yake da amfani. Saniya tana buƙatar miligiram 7.5 a kowane kilo don tsutsar ciki, miligiram 10 don hanta. Babbar ƙwaya mai miligiram 2,500 za ta ishi saniya mai kilo 330 idan tsutsar ciki ake nufi, amma idan hanta ce, kilo 250 ne iyakarta. Mai karya ƙwaya ɗaya gida biyu ya raba wa bijimai biyu bai yi wa ko ɗaya magani ba. Akuya kuma jikinta ya fi na tunkiya saurin narkar da maganin, don haka ana ninka mata awon tunkiya. Sai a kiyaye: albendazol yana iya lalata ɗan tayi, ba a ba tunkiya a watan farko na ciki, ba a ba saniya a kwana 45 na farko.

3.2 Rukunin lebamizol

Lebamizol ya shigo a ƙarshen shekarun 1960; firantel da morantel ma hanyarsa suke bi. Suna ƙame tsokar tsutsa, ta sandare, ta saki bangon hanji, kashi ya fitar da ita. Yana aiki da sauri, amma ba ya kashe ƙwai, ba ya taɓa tsutsa mai faɗi, ba ya taɓa hanta. Idan aka gan shi a kwalba ana cewa yana maganin hanta, to, an haɗa shi ne da wani maganin hanta, irin su oksikulozanaid. Awonsa miligiram 7.5 ne a kilo, kuma tazarar da ke tsakanin awon magani da awon guba ba ta da faɗi. Dabbar da aka zarce wa awo takan yi dalala, jiki ya kama rawa, ƙananan awaki kuma sukan mutu. Wannan ne rukunin da "ƙara masa kaɗan don ya ji" ya fi yin ɓarna.

3.3 Rukunin ibamektin

An samo asalin wannan rukuni daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da Satoshi Omura ya tsinto a Japan, William Campbell da abokan aikinsa a kamfanin Merck na Amurka suka gano aikinta. Ibamektin ya shiga kasuwar dabbobi a 1981, mutanen biyu kuma suka samu lambar Nobel a 2015. Shi ne dai ake raba wa mutane don cutar makantar bakin kogi tun 1987. Doramektin, efrinomektin da moksidektin duk danginsa ne. Suna shanye jijiyar tsutsa da ta ƙwari, shi ya sa allura ɗaya take kama tsutsar ciki, tsutsar huhu, tsutsar hancin tumaki, ƙazuwa da ƙwarƙwata mai shan jini. Awon allurar da aka saba gani mililita 1 ne ga kilo 50, a ƙarƙashin fata.

Wannan faɗin aiki ne ya sa ake ɗaukar sa maganin komai. Ba haka ba ne. Ibamektin ba ya kashe tsutsar hanta, ba ya kashe tsutsa mai faɗi, ba ya kashe ƙwayar sammore. Kwalbar da ke kama hanta, galibi kulosulon aka zuba mata, shi ma wadda ta balaga yake kashewa. A kan kaska, yana aiki kan mai zama jikin dabba ɗaya har ta girma, amma bai cika yin tasiri kan Amblyomma ba, mai sha ta sauka. Ragowarsa kuma tana fita ta kashi, tana kashe buzuzun da ke binne taki.

3.4 Sababbin rukunoni

Bayan ibamektin, an kusa shekara 30 kafin a samu sabon rukuni: monefantel ya fito a 2009, dakwantel a 2010. Suna da tsada, ba su ne ke kan teburan kasuwanninmu ba, kuma a 2013 har an ba da rahoton tsutsar da ta bijire wa monefantel a ƙasar Niyuzilan. Ma'anar wannan a fili take: rukunoni uku na farko su ne jarinmu, idan suka lalace ba mu da na huɗu a hannu.

4.0 Magungunan Hanta

Abin da ke raba magungunan hanta shi ne shekarun tsutsar da suke kamawa. Bayan dabba ta ci ciyawar fadama, 'yar tsutsar takan shafe makonni tana ratsa naman hanta, ba ta balaga sai bayan wata 3 zuwa 4. A wannan ratsawa ne tumaki ke mutuwa farat ɗaya. Tiriklabendazol, wanda ya fito a farkon shekarun 1980, shi ne ke kama ta tun tana 'yar makonni har ta girma, sai dai ba ya kashe tsutsar ciki, kuma a 1995 an tabbatar da bijire masa a Ostareliya.

Kulosantel, rafoksanaid da naitroksinil suna toshe hanyar da tsutsa ke samun ƙarfi. Suna kama wadda ta kusa balaga da wadda ta balaga, kuma da yake suna daɗewa a cikin jini, suna kashe Haemonchus mai shan jini. Wannan ya sa suke da amfani a garken da albendazol ya daina aiki. Haɗarinsu shi ne zarce awo: kulosantel da rafoksanaid suna makantar da tumaki da awaki, makantar da ba ta warkewa. Oksikulozanaid kuwa babbar tsutsa kawai yake kashewa, amma shi ne aka fi dogara da shi kan tsutsar da ke manne wa babban tumbi.

Saboda haka lokaci shi ne rabin maganin. Mai ba da albendazol makonni kaɗan bayan an shiga fadama bai kashe komai a hanta ba, domin abin da maganin ke iya kamawa bai girma ba tukuna.

5.0 Magungunan Sammore da Cututtukan Jini

A nan ƙarancin ya fi tsanani. Magunguna uku ne ake ta juyawa fiye da shekara 60: homidiyom na farkon shekarun 1950, diminazin na 1955 wanda makiyaya suka fi sani da Berenil, da isometamidiyom na 1961 wanda aka fi sani da Samorin. Cibiyar Binciken Sammore ta Najeriya da ke Kaduna ta daɗe tana aiki a kan wannan cuta, amma a duniya baki ɗaya ba a kawo wa shanu sabon magani ba.

Diminazin na warkarwa ne, ba ya daɗewa a jiki, yana kuma maganin cutar jan fitsari da kaska ke kawowa. Ƙaramin ƙunshinsa mai giram 2.36 yana ɗauke da giram 1.05 na sinadarin, wato a kan awon miligiram 3.5 a kilo, saniya ɗaya ce mai kilo 300. Isometamidiyom yana warkarwa yana kuma ba da kariya ta wata 2 zuwa 4, don haka shi ya dace da garken da zai yi kudu. Ƙa'idar da masana suka daɗe da shimfiɗawa ita ce a riƙa karɓa-karɓa tsakanin waɗannan biyu: idan ɗaya ya gaza, a bi da ɗayan. Homidiyom da isometamidiyom kuwa dangi ne na kusa, sauya ɗaya da ɗaya ba ya warware bijirewa.

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, a kira kowace rama sammore. Saniyar da ta rame a ƙarshen rani tana iya zama yunwa ce, ko hanta, ko tsutsar ciki. Ɗigon jini a madubin likita ne yake rabawa. Na biyu, a yi wa dabbar da bai dace da ita ba: diminazin guba ne ga raƙumi, yana kuma da haɗari ga kare, doki da jaki.

6.0 Magungunan Kaska da Ƙwarin Fata

Rukunoni uku ne a hannu. Oganofosfet, irin su dayazinon, suna da ƙarfi amma suna da haɗari ga mai fesawa da 'yan maruƙa. Fairetiroid, irin su saifametirin, deltametirin da fulumetirin, ana fesawa ko a zuba a gadon baya, suna kuma kashe tsando da sauran ƙudaje masu cizo. Amitraz rukuninsa daban, yana sa kaska ta saki ta faɗo, amma ba a kusantar da shi ga doki, domin yana ƙulle masa ciki har ya mutu. Lindan da danginsa an yi watsi da su. A 2009 aka sa lindan cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Istokhom ta haramta.

A yankin da kowane gida yake da ragowar maganin feshin auduga ko wake, ana samun masu wanke dabba da shi, ko su shafa mata fiya-fiya. Ko da sunan sinadarin ya zo ɗaya, haɗin gona daban yake da na dabba, ƙarfinsa da man da aka narkar da shi ba don fata aka yi su ba. Akwai kuma dalilin ƙara kula: kaskar nan Rhipicephalus microplus, wadda ta yi suna wajen bijire wa magani, an gano ta a Kodebuwa a 2007, ta kuma bazu a ƙasashen Afirka ta Yamma.

Kaji ma suna da nasu: fifarazin don dogayen tsutsotsi, amfiroliyom da toltirazuril don zawon jini. Abincin kajin da aka sa wa monensin ba a ba doki, yana kashe shi.

7.0 Bijirewa da Ragowar Magani

Bijirewa ba sabon abu ba ne. Shekara 3 kacal bayan fitowar tayabendazol, a 1964, aka ba da rahotonta a Amurka. A 1988 aka same ta kan ibamektin a Afirka ta Kudu. Yadda take faruwa shi ne, a cikin kowane taron tsutsa akwai 'yan tsiraru masu ƙarfin jurewa. Ragin awo yana kashe raunana ya bar waɗannan, su hayayyafa. Kintata nauyi da ido, jabun magani, kwalbar da ta sha rana a kasuwa, da ɗura wa garke duka kowane wata, duk suna hanzarta wannan. Haka nan ɗura wa kowace dabba a tsakiyar rani, lokacin da babu tsutsa a ciyawa, yana nufin waɗanda suka tsira ne kaɗai za su zama iri idan ruwa ya sauka.

Gwajin ba shi da wuya: a ƙirga ƙwai a kashin dabbobi kafin magani, a sake ƙirgawa bayan kwana 10 zuwa 14. Idan ragin bai kai kashi 95 cikin 100 ba, akwai alamar bijirewa. Katin FAMACHA da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu kuwa yana auna launin cikin ido daga mataki 1 zuwa 5, don a ba masu ƙarancin jini kawai, a ƙyale masu lafiya.

Sai batun lafiyar mutane. Ibamektin yana bin maiƙo, yana fita a nono, shi ya sa ba a yarda a yi wa saniyar da ake tatsa don sha ba. Naman kuma ba a ci sai an wuce wata guda da yin allurar. Kulosantel ma yana daɗewa. A ƙasar fura da nono, da ragon layya da ake yi wa allura ana saura mako guda Sallah don ya yi kyan gani, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

8.0 Shawarwari

Na ɗaya, sashen kula da dabbobi na kowace ƙaramar hukuma ya horar da masu sayar da magani na Sheme, 'Yankara, Ƙanƙara da Sabuwa, su iya karanta sunan sinadari, su san rukuninsa, su tambayi nauyi da ciki da tatsa kafin su miƙa.

Na biyu, hukumar NAFDAC ta buƙaci a sa alamar launi ko lamba ta rukuni a jikin kwali, da bayanin awo da kwanakin jira cikin Hausa, boko da ajami, ta kuma riƙa ɗibar samfur daga kasuwannin karkara tana gwadawa.

Na uku, a yaɗa igiyar awon ƙirji don kimanta nauyi, da katin duba ido, musamman ga mata masu kiwon gida.

Na huɗu, a bi kalandar yanayi: maganin tsutsar ciki bayan damina ta kankama da kuma ƙarshenta, maganin hanta gwargwadon lokacin da aka shiga fadama, kariyar sammore kafin tafiya kudu. Duk dabbar da aka sayo a killace ta, a yi mata magani kafin ta shiga garke.

Na biyar, Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar NAPRI ta Shika, waɗanda ba su da nisa da Funtuwa, su jagoranci gwajin bijirewa a garkunan yankin, su kuma ci gaba da auna ƙarfi da awon itatuwan da makiyaya suka gada, irin su maɗaci da marke. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024 ta ɗauki nauyin wannan aiki.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa abin da ke hannun makiyayin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa bai wuce rukuni uku na tsutsar ciki, 'yan magungunan hanta, biyu na sammore da ake karɓa-karɓa da su, da uku na kaska ba. Babu wanda yake kashe komai, kuma kowanne yana da dabbar da yake cutarwa. Kafin a buɗe kwalba, tambaya biyar ce ta wajaba: wace cuta ce, wane rukuni ne yake kama ta, nauyin dabbar nawa ne, wane lokaci ake ciki, kwana nawa za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Muna kira ga likitocin dabbobi, malaman gona, ƙungiyoyin makiyaya da shugabannin kasuwanni da su haɗa hannu wajen koyar da waɗannan tambayoyi, tun magungunan da muke da su suna aiki.